Aikin Amintattu A Gidan Ajiye Kayan Fasaha

Akwai wata kalma da ta yawaita a bakin mutane a wannan zamani, watau "amintattu". Ƙungiyar ci gaban gari tana da nata, makarantar Islamiyya tana da nata, jam'iyyun siyasa ma ba a bar su a baya ba. Amma in ka tara waɗanda aka rubuta sunayensu a jikin takarda ka tambaye su mene ne aikinsu, da wuya bakinsu ya zo ɗaya. Waɗansu sun ɗauke ta sarauta, waɗansu kuwa hanyar samun alawus.

Yau muna so mu yi magana a kan amintattu na wani gida wanda ba a cika tunawa da shi ba, shi ne gidan da a ke ajiye kyawawan ayyukan hannu domin kowa ya zo ya gani. Turawa sun raba irin wannan gida biyu, da wanda a ke rataye zane-zane, da wanda a ke ajiye kayan tarihi. A wurinmu kusan abu ɗaya ne, gama gwanintar mutanenmu ta fi bayyana a jikin riga da ƙwarya da tukunya da bangon ɗaki. Ra'ayinmu shi ne, irin wannan gida da yardar jama'a ya ke rayuwa. Ba wanda zai ɗauko rigar kakansa daga adaka ya miƙa wa hukuma sai ya san sunayen mutanen da za a tambaya in ta ɓace. Waɗannan mutane su ne amintattu.

Kayan da a ke magana a kansu

Duk wanda ya bi hanyar Katsina ko hanyar Daura daga birnin Kano ya san irin ƙasar da ke can. Daga Dawakin Tofa zuwa Bici da Tsanyawa, daga Ungogo zuwa Minjibir da Dambatta da Makoɗa, da wuya ka ga daji. Gona na jingine da gona, gida na hangen gida, ba a barin ƙasa ta huta, sai dai a ciyar da ita da taki kowace shekara. Gonar mutum ba ta da girman da za ta riƙe shi wata goma sha biyu, saboda haka tun kaka da kakanni da an kai amfani rumbu sai kowa ya koma ga sana'arsa ta rani. Haka Minjibir ta yi suna wajen saƙa, Dawakin Tofa ta yi suna wajen ginin tukwane, ga marina da dukawa da maƙera da masu ɗinkin hannu ko'ina cikin ƙauyuka. Sa'ad da Baturen nan Barth ya sauka Kano cikin 1851 ya tarar tufar Kano tana kai wa har Tambutu da Tarabulus. Mai yawa daga cikin wannan tufa a ƙarƙashin itatuwan ƙauye aka saƙa ta, birni ya tara ya sayar.

Kada kuma wani ya ce nuna kaya don sha'awa baƙon abu ne a gare mu. Wa ya shiga ɗakin amarya bai ga jere ba? Matan ƙauye sun daɗe suna zaɓen ƙwaryar da ta fi kyaun sassaƙa, da faifan da ya fi kyaun saƙa, su jera su inda ido zai gani, ba don a ci tuwo a ciki ba. Abin da gidan kayan fasaha ke yi ke nan, sai dai shi jeren gari ne gaba ɗaya.

To, wannan dukiya tana ƙarewa. Roba ta kori ƙwarya da tulu, yadin kanti ya kori saƙi da gwado, keke ya karɓe aikin allura, siminti da kwano sun shafe zanen bango. In tsoho ya rasu aka buɗe adakarsa wajen rabon gado, a kan rasa wanda ya san darajar tsamiya ko aska takwas da ke ciki, sai ta tafi hannun dillali a kan kuɗin da bai kai na buhun taki ba. Alhali kuwa waɗansu sun riga mu gane darajar abin. Cikin 1976 an yi babban nuni na ayyukan hannun Hausawa a birnin Landan. Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin takardar naira ashirin, da ginin tukunya irin na ƙauye ta fara kafin ta shiga makarantar tukwane ta Abuja, watau Suleja ta yanzu, cikin 1954. Wa ya san yawan irinta da suka yi zamani a ƙasar Dawakin Tofa, suka wuce ba a ajiye ko tulu ɗaya da sunansu ba?

Gidajen da mu ke da su

Ba a ce ba a yi kome ba. Tun 1943 aka naɗa Kenneth Murray ya riƙa bin sawun kayan tarihi na Nijeriya. Cikin 1952 aka buɗe gidan tarihi na Jos, cikin 1957 aka buɗe na Ikko. Cikin 1953 marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa, yana Ministan Ayyuka, ya gabatar wa Majalisar Wakilai dokar tsare kayan tarihi. Cikin 1979 aka kafa hukumar tarayya mai kula da gidajen tarihi, cikin 1993 kuma aka kafa wata mai kula da zane-zane da ayyukan fasaha na zamani. A birnin Kano muna da Gidan Makama, wanda asalinsa ke komawa ga zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, yana hannun hukumar tarayya. Muna kuma da Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna sa'ad da ya buɗe makarantar boko a Nasarawa cikin 1909, yana hannun Gwamnatin Jiha. Ma'aikatan waɗannan gidaje sun cancanci yabo, gama da kaɗan su ke aiki.

Amma akwai giɓi biyu. Na farko, manyan da ke yanke shawara a kan gidan tarayya suna Abuja, kuma Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Na biyu, mafi yawan abin da doka ke kira kayan tarihi shi ne wanda aka yi kafin 1918. Rigar da gwanin maɗinki ya ɗinka a Bici cikin shekarun dalar gyaɗa, da lurun da aka saƙa a Minjibir bara, ba ɗan sandan da zai tsare su. In ba a sami mutanen wuri da suka ɗauki amanar tattara su da tsare su ba, shi ke nan sun tafi.

Wane ne amintacce?

Malamanmu sun riga sun warware wannan tun kafin zuwan Turawa. In mutum ya yi waƙafin rijiya ko gona ko littattafai, abin ya fita daga hannunsa, bai kuwa shiga hannun wanda aka sa ya kula da shi ba. Mai kulawa ba ya sayarwa, ba ya kyauta, ba ya jingina, kuma 'ya'yansa ba su gada. Haka wasiyyi mai riƙon dukiyar marayu, yana da ikon juya ta don amfaninsu, ranar da suka girma kuwa sai ya kawo lissafi. Amintaccen gidan fasaha wasiyyi ne, marayunsa su ne yaran da ba a haifa ba tukuna.

A Ingila ma a kan wannan tushe aka gina. Cikin 1753 wani likita mai suna Hans Sloane ya rasu ya bar kaya fiye da 70,000. Majalisar ƙasar ba ta miƙa su ga Sarki ko ga wani minista ba, sai ta yi doka ta sa su a hannun amintattu domin jama'a, aka buɗe Gidan Tarihi na Biritaniya cikin 1759. Cikin 1824 Gwamnati ta sayi zane 38 a kan fam 57,000 ta kafa gidan zane-zane na ƙasa a Landan, shi ma amintattu ke riƙe da shi, yau yana da zane fiye da 2,300, kuma kyauta a ke shiga. Bisa ga dokar 1963 amintattun Gidan Tarihi su 25 ne, ba kuwa mutum ɗaya ke naɗa su duka ba. Ba a biyan ko ɗayansu albashi.

Ashe ke nan mutum uku ne a cikin sha'anin. Jama'a su ne masu kaya. Ma'aikata su ne masu share gida da jera kaya da karɓar baƙi. Amintattu suna tsakani, suna tambayar ma'aikata a madadin jama'a. A ganinmu aikinsu huɗu ne.

Na farko, ƙidaya

Tsofaffin ma'aikatan En'e suna tunawa da yadda ma'aji ba ya tashi aiki sai ya daidaita littafin kuɗi da abin da ke cikin akwatin baitulmali, da yadda masu bincike kan sauka ba zato su ƙirga kome har kwabo. Mai sito kuma yana da littafinsa, kowane gatari da kowace fitila da layinta. Wannan tsohuwar tarbiyya ita ce farkon aikin amintattu. Kowane abu da ya shigo gida a ba shi lamba, a rubuta sunansa, da wanda ya yi shi, da garinsu, da shekarar, da wanda ya kawo, da ko kyauta ce ko aro, a ɗauki hotonsa, a ba mai shi rasit. A yi littafin kofi uku, kada duka su kwana a ɗaki ɗaya. Sa'an nan sau ɗaya a shekara amintattu da kansu su riƙe littafin su bi ɗaki ɗaki, su ga kowane abu da idonsu, su sa hannu, a karanta wa jama'a sakamakon.

Kada mai karatu ya ga kamar wannan ƙaramin aiki ne. Cikin watan Agusta na 2023 Gidan Tarihi na Biritaniya, da duk girmansa da kuɗinsa, ya fito ya faɗa wa duniya cewa kaya wajen 2,000 sun ɓace ko an lalata su, yawancinsu ƙananan duwatsu masu daraja da kayan zinariya. Ba a dare ɗaya aka kwashe su ba, shekara da shekaru aka yi ana zara. Abin da ya ba da hanya shi ne da yawa daga cikinsu ba a rubuta su sosai a littafi ba. Tun 2021 wani masani ɗan ƙasar Denmark, wanda ya ga waɗansu ana tallarsu a intanet, ya rubuta wa manyan gidan, aka amsa masa cewa kome lafiya. Daga ƙarshe shugaban ma'aikatan gidan ya ajiye aiki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A nan gida kuma, cikin 1987 ɓarayi sun shiga gidan tarihi na Jos sun ɗebi kaya, ciki har da wani kan tagulla na Ife, wanda daga baya ya ɓulla a Turai. Abin da ya sa aka gane shi har Nijeriya ta sami bakin cewa nata ne, shi ne an san shi, akwai hotonsa da bayaninsa. Abin da ba a rubuta ba kuwa, ko ka gan shi a hannun ɓarawo ba ka da shaida. A zamanin da kowane malamin makaranta ke da wayar da ke ɗaukar hoto a aljihunsa, ba sauran uzuri.

Na biyu, iya cewa a'a

Ɓarawon dare ya fi sauƙin tsarewa bisa ga babban mutum da ya zo da rana. Cikin 1973, sa'ad da Shugaban Ƙasa Janar Yakubu Gowon zai kai ziyara Ingila, an ɗauko wani tsohon kan tagulla na Benin daga gidan tarihi na Ikko aka kai wa Sarauniya Elizabeth tsaraba. A can an ɗauka kwaikwayo ne na zamani, sai cikin 2002 aka gane na ainihi ne. Ba mu kawo wannan don zargi ba, gama da kyakkyawar niyya aka yi. Mun kawo shi ne don a ga cewa ma'aikaci mai jiran albashi ba shi da bakin hana shugabansa. Amma in akwai ƙa'ida a rubuce cewa ba abin da zai fita sai amintattu sun zauna, to ma'aikaci ya sami inuwar fakewa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ni da iko."

Ga wani misali da ya fi kusa da ma'aikatan ƙananan hukumomi. Cikin 2014 majalisar garin Northampton a Ingila ta fitar da wani mutum-mutumi na Masar, wanda ya shekara fiye da 4,000, daga gidan tarihin garin, ta yi gwanjonsa a kan kuɗin da ya kusa fam miliyan 16, wai za ta faɗaɗa ginin. Mutanen gari suka yi kuka, hukumar da ke kula da irin waɗannan gidaje ta janye wa gidan shaidarta har shekara biyar, wanda ya saya kuwa ya fita da shi daga ƙasar. An sami gini, an rasa abin da a ke zuwa gani. Kowace majalisa tana da ranar da asusunta zai bushe, kowane shugaba yana da baƙon da ya ke so ya burge. Saboda haka bai kamata kayan jama'a su zauna a hannun wanda ke neman kuɗin biyan albashi a ƙarshen wata ba.

Amma a yi hattara, kada ƙa'ida ta zama garkuwar riƙe haƙƙin wani. Dokar nan ta 1963 ta hana amintattun Landan rabuwa da kayan gidansu sai a 'yan wurare kaɗan, kuma da ita su ke kafa hujja duk sa'ad da aka tambaye su kayan Benin fiye da 900 da ke hannunsu, waɗanda yawancinsu sojan Ingila suka kwasa cikin 1897. Jamus kuwa cikin 2022 ta sa hannu ta mayar wa Nijeriya mallakar fiye da 1,000. Darasin da ke ciki a gare mu shi ne, kayan ƙwace ba ya zama waƙafi. A rubuta cikin ƙa'ida cewa ba a sayarwa, ba a kyauta, amma in ta tabbata wani abu na sata ne a mayar wa mai shi. Kuma tun daga bakin ƙofa kada a karɓi abin da mai kawowa ya kasa faɗin inda ya samo shi.

Na uku, zaɓen mai kula da gida

Amintattu ba su ne za su riƙe mabuɗi ba. Aikinsu su nemo wanda ya san aikin, ko da ba ɗan gidan kowa ba ne, su ba shi iko, su bar shi ya yi. Amintaccen da ke zuwa kullum yana cewa a matsar da wannan a rataye wancan, ko yana turo ƙanensa a ɗauke shi aiki, ya bar nasa aikin ya shiga na wani, kuma ranar da abu ya ɓaci ba shi da bakin tambaya. Abin da ke kansu shi ne su zauna a kan lokaci, ko da sau huɗu ne a shekara, su karɓi rahoto, su yi tambayoyi irin na mai gida. Nawa ya shigo, nawa ya fita, ina rasit? An yi yaɓe kafin damina? An gyara indararo? Gara ta taɓa wani ɗaki? Asu ya shiga rigunan? Yara nawa suka zo wannan wata?

Waɗannan tambayoyi ba su da daɗin ji a wurin taro, amma a ƙasarmu gara da yoyo sun fi ɓarayi ɓarna. Tufa da fata da ƙwarya da takarda duk abincin ƙwari ne, damina ɗaya ta ishe su. Neman kuɗin gyara ma yana wuyan amintattu. Su ne za su je gaban shugaban ƙaramar hukuma, su je gaban attajiran gari da ke Kano da Ikko, su roƙa. Mai kuɗi kuwa ya fi sakin hannu ga wanda ya nuna masa lissafin bara.

Na huɗu, buɗe ƙofa

Gidan da aka kulle don tsoron sata ya zama sito. An ajiye kayan ne don a gani, kuma masu haƙƙin gani na farko su ne 'ya'yan waɗanda suka yi su. Yaron da ke makaranta a Kunci ko Makoɗa, wane ne zai biya masa kuɗin mota zuwa Gidan Makama? In ba zai iya zuwa ba, to amintattu su sa a kai masa. A haɗa akwati da ƙoshiya da allira da mazari da 'yan samfurin saƙa da hotuna, ya riƙa zagaya makarantu. A rubuta bayanin kowane abu da Hausa, boko da ajami, don manomi ya karanta da kansa. A keɓe lokacin da mata za su shiga a sake. In waɗansu na ƙyamar wurin suna zaton gidan gumaka ne, a gayyato malamansu su ga allon zayyana da rubutun hannu na magabata da gafakar da dukawa suka yi musu.

Har wa yau kada amintattu su tsaya ga na dā kaɗai. Kowace shekara su keɓe ɗan abin da za su sayi aikin gwanayen da ke raye, a kan farashin da ya dace, a rubuta sunan mai aikin a jiki. Masaƙin da ya ga sunansa a bango zai fi son ɗansa ya gaje shi. Abin da aka saya da arha yau, shi ne bayan shekara hamsin za a nema da tsada a rasa.

Su wa za su zauna?

Wannan ita ce tambayar da ta fi wuya. Al'adarmu ce in za a kafa kwamiti a cika shi da manya waɗanda ba su da lokacin zuwa, sa'an nan sakatare ya riƙa bin su gida gida da takarda suna sa hannu ba su karanta ba. Muna ganin girman manya, kuma lalle ana bukatar wakilin hakimi, gama ba abin da ke tafiya a ƙauye ba da saninsa ba. Amma a haɗa shi da masu sana'ar kansu, watau masaƙi ko maƙeri ko maɗinki wanda in ya taɓa abu ya san na ƙwarai ne ko jabu. A sa mace, gama tukunya da faifai da kaɗi aikin mata ne. A sa malamin makaranta, da wanda ya san lissafin kuɗi, da malamin da ya san hukuncin waƙafi. Mutum bakwai ko tara sun isa.

A yanka musu wa'adi, kuma kada wa'adinsu ya ƙare rana ɗaya, domin kullum a sami tsoho da zai nuna wa sabo hanya. Mun ga yadda cikin watan Yuni na 2023 sabuwar Gwamnatin Tarayya ta sallami hukumomin gudanarwa na kusan dukan ma'aikatunta a lokaci guda. Wannan ikonta ne, kuma waɗanda suka gabace ta ma sun yi. Amma gidan da ke ajiye abu don shekara ɗari bai kamata masu tsaronsa su riƙa sauka da kowane zaɓe ba. Kada a biya su kome ban da kuɗin mota, gama kujerar da ke da alawus ita a ke rububi. Wanda ya ƙi zuwa taro sau uku a jere ba dalili, ya ba wani wuri. Wanda ke cinikin tsofaffin kaya kuwa kada ya zauna sam, ba a ba kura ajiyar nama.

Doka ta buɗe hanya. Dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda ƙungiya ta yi rajistar amintattunta, ta yadda dukiyar za ta zauna da sunan ƙungiyar. In ɗayansu ya rasu ba ta shiga cikin gadonsa. Saboda haka mutanen Dambatta ko Bici ko Minjibir ba sai sun jira Abuja ba. Ɗaki ɗaya mai rufi mai kyau a makaranta ko kusa da gidan hakimi, da littafi, da mutane bakwai masu tsoron Allah, sun isa farawa, ma'aikatan Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa su zama masu ba da shawara.

Mun san abin da waɗansu za su ce. Za su ce mutane na fama da tsadar taki da rashin magani a asibiti, mu kuwa muna zancen tsofaffin ƙorai. Gaskiya ne ciki ya riga ido. Amma abin da mu ke roƙo bai kai kuɗin gina kwalbati ɗaya ba, kuma mafi yawansa ba kuɗi ba ne, lokaci ne da riƙon amana. Kwalbatin da ba a gina bana ba ana iya gina shi baɗi. Tsohuwar da ta san zanen tulu irin na uwarta, in ta tafi ta tafi da shi.

Ku malaman makaranta da akawunan ƙananan hukumomi, maganar nan taku ce kafin ta kowa. Ku kuka san riƙon littafi, ku ke rubuta bayanin taro, ku iyayen yara suka yarda da ku. Kowane malami yana iya farawa da ajinsa, ya sa yara su tambayo a gida wane tsohon abu ke nan, wa ya yi shi, yaushe, a rubuta a ajiye, ba tare da an karɓi kayan kowa ba. Ranar da aka kafa amintattu sai su tarar da aiki ya yi nisa. In kuwa aka kira ɗayanku ya zauna a cikinsu, to ya tambayi kansa tun da wuri ko yana da lokacin ƙirga kaya ɗaki ɗaki, ko kuma yana da zuciyar da zai dubi wanda ya fi shi ya ce masa wannan ba na bayarwa ba ne. In ba shi da su, ya ba da haƙuri ya bar wa wani, ya fi masa alheri.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana.